Ruwa ba ya tsami banza: amsa ga Alhajin da ke neman na'urar tausasa ruwa

A makon jiya wasiƙa ta iso mana daga wani Alhaji, ɗan kasuwa a ƙasar Adar, wanda ya roƙi kada a ambaci sunansa. Ya ce shekara uku ke nan da ya haƙa foraj a cikin gidansa, ya ɗora tanki bisa soro, ya huta da jiran ƴan garuwa. Amma tun daga lokacin uwargida ba ta daina ƙorafi ba: sabulu ba ya kumfa, fararen tufafi sun koma ruwan toka, wake yana kwana bisa wuta bai nuna ba, butar shayi ta yi farin ƙanzo a ciki, na'urar ɗumama ruwan wanka kuwa sau biyu ana canza mata ƙarfen wuta. Da ya je Yamai saro kaya, sai wani mai kanti ya nuna masa na'urori uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, waɗanda ake kira adusisar da Faransanci, ya ce masa kowacce ya ɗauka ruwan gidansa zai koma kamar na kwalba. Su shida ne a gidan. Tambayarsa ita ce: wacce zai saya?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Amsar da zan fara ba ka ita ce kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Ba don na'urar ba ta aiki ba. Tana aiki ƙwarai, fasaha ce da ta haura shekara ɗari ana amfani da ita. Dalili shi ne har yanzu ba ka san abin da ke cikin ruwanka ba, mai kantin ma bai sani ba, kuma maganar da ya gaya maka cewa ruwan zai koma kamar na kwalba ba gaskiya ba ce. Wannan na'ura aiki guda ɗaya tak take yi. Wanda ya san aikin zai ji daɗinta. Wanda ya ɗora mata abin da ba nata ba zai yi asarar jikka ɗaruruwa, wataƙila ma ya cuci iyalinsa yana zaton gata ya yi musu.

Mu Hausawa idan ruwa bai yi mana daɗi a baki ba, ko ya ƙi kumfa, sai mu ce ruwan zartsi ne, ko mu ce yana da nauyi, mu wuce. Alhali zartsi iri-iri ne. Akwai na gishiri, akwai na kanwa irin wanda ake samu a wasu rijiyoyin Dallol da ƙasar Manga, akwai kuma na farar ƙasa. Na ƙarshen nan shi ne abin da Turawa ke kira ruwa mai tauri, kuma shi kaɗai ne na'urar Alhaji take magani. Asalinsa kuwa sananne ne. Ruwan sama idan ya sauko yana da ɗan tsami kaɗan da ya ɗauko daga iska da ƙasa. Yayin da yake ratsa dutsen farar ƙasa yana gangarawa, sai ya narkar da sinadarai biyu, kalsiyom da manyeziyom, ya tafi da su. Ido ba ya ganinsu, ruwan garau yake. Sai an tafasa shi, ko ya bushe a bakin famfo, ko ya haɗu da sabulu, sannan su bayyana. Duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Madawa ya ga masana'antar siminti ta Malbaza ya san ƙasar Adar ba ta rasa irin wannan dutse ba, domin da shi ake yin simintin. Saboda haka alamomin da Alhaji ya lissafa ba su ba ni mamaki ba. Amma kada a ɗauka kowace rijiya ta Adar haka take. Foraj biyu a unguwa ɗaya, ɗaya mai zurfin mita 40, ɗaya mai mita 300, suna iya ba da ruwa biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan, don ba daga shimfiɗar ƙasa ɗaya suke sha ba. Mutanen Yamai kuwa da ke shan ruwan kogin Kwara wanda ake tacewa a Gudel da Yantala, ruwansu mai laushi ne tun asali; wanda ya saya masa adusisar ya sayi laima a tsakiyar rani.

To yaya ake sanin taurin ruwa? Akwai gwajin gida. A sami kwalabe biyu masu tsabta, a zuba ruwan rijiya a ɗaya, ruwan sama ko na kwalba a ɗayar, daidai wa daida. A kankare sabulun wanki na sanda kaɗan a kowacce, a girgiza. Mai laushi zai tashi da kumfa, ruwan ƙasa ya kasance garau. Mai tauri zai yi fari kamar tsarki, da ɗan gudaji-gudaji yana yawo, kumfar kuwa ba ta daɗewa. Kada a yi gwajin da omo, don an haɗa shi ne musamman ya yi kumfa ko a cikin ruwa mai tauri. Wannan gwaji yana nuna akwai tauri, amma ba ya faɗin nawa ne, mu kuwa adadi muke nema, domin da shi ake zaɓen girman na'ura.

Adadin ana samunsa a ɗakin awon ruwa. Ofisoshin ma'aikatar ruwa na jahohi da kamfanin ruwa su ne wurin tambaya na farko. A kai musu ruwan cikin kwalba mai tsabta, wanda aka ɗiba bayan injin ya yi ɗan lokaci yana aiki. A takardar da za su bayar, a nemi layin da aka rubuta TH. Lambar da ke gabansa ita ce taurin, kuma a ƙasashenmu da digiri na Faransa ake ƙidaya shi, ana rubuta °f. Digiri ɗaya daidai yake da miligaram 10 na farar ƙasa a cikin lita ɗaya. Ƙasa da digiri 15 ruwa mai laushi ne, babu abin da za a yi masa. Daga 15 zuwa 25 matsakaici ne, ana zaune da shi lafiya. Daga 30 zuwa sama ne ƙanzo ke fara cin tiyo da na'urori sosai. ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin da Lome su lura da wani tarko: ba kowace ƙasa ce ke ƙidaya da wannan ma'auni ba. Digirin Jamus ɗaya ya kai 1,78 na Faransa, ma'aunin Amurka kuma da ake kira giren ya kai 1,71. Wanda ya karanta 20 a takardar Jamus ya zaci na Faransa ne, ya yi kuskuren kusan rabi.

Tun da an riga an biya kuɗin awo, kada a tsaya ga TH kaɗai. A roƙi a auna fuluwor, da nitirat, da ƙarfe, da yawan gishiri baki ɗaya, da ƙwayoyin cuta. A nan ne maganar take da nauyi, kuma a nan zan ɗan dakata.

Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Tibirin Gobir ba. Foraj ɗin da garin ya fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ruwansa garau ne, ba wari, ba launi. Sai da shekaru suka wuce aka ga haƙoran yara sun rine, wasu ƙafafunsu sun lanƙwashe, ƙasusuwansu sun lalace har abada. Da aka auna, sai aka tarar fuluwor ɗin ruwan ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗora, wato miligaram 1,5 a lita, har sau uku zuwa huɗu. Na kawo wannan misali ne don abu biyu. Na farko, da a ce kowane gida na Tibiri yana da adusisar a lokacin, da ba ta ceci yaro ko ɗaya ba, don ba ta taɓa fuluwor. Na biyu, ruwa mai yawan fuluwor sau da yawa mai laushi ne, yana kumfa da kyau, uwargida ba za ta yi ƙorafinsa ba. Taurin da ke ɓata wa Alhaji rai kuwa, OMS ba ta ɗora masa iyaka ta fuskar lafiya ba. Kalsiyom da manyeziyom abinci ne ga jiki. Wato abin da ake gani a gindin buta ɓarnarsa a aljihu take, abin da ke ɓata jiki kuwa ba a ganinsa. Haka nitirat, wanda ke shiga rijiya daga masai da turken dabbobi idan sun yi kusa: iyakarsa miligaram 50 a lita, haɗarinsa ya fi yawa ga jarirai, kuma adusisar ta gida ba ta cire shi. Ƙwayoyin zawo da taifot ma ba ta kashe su. Ruwan da ke da gishiri ko kanwa, da gishirinsa zai shiga, da shi zai fito.

Yanzu bari mu buɗe cikin na'urar mu ga abin da take yi. Tulu biyu ne. Na farko dogo ne, a rufe, cike da wasu ƴan ƙwayoyi masu launin zuma, ƙanana kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, ana kiransu rezin. Na biyu bokiti ne mai murfi inda ake zuba gishiri. Kowace ƙwayar rezin tana riƙe da sodiyom, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya. Idan ruwa mai tauri ya ratsa ta cikinsu, sai su cafke kalsiyom da manyeziyom, su saki sodiyom a madadinsu. Musaya ce kawai, irin ta furfure a kasuwar ƙauye: ba ni gero in ba ka nono. Bayan kwanaki, ƙwayoyin sun cika, ba su da sauran abin bayarwa. Sai kan na'urar ya jawo ruwan gishiri mai kauri daga bokiti ya wanke su da shi, kalsiyom ya saku ya bi magudana, ƙwayoyin su koma sabbi. Wankin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Dabarar tsohuwa ce: wani Bajamushe, Robert Gans, shi ya fara yin ta da wani irin yashi na haɗi a 1905, Turawan Ingila biyu, Adams da Holmes, suka ƙirƙiro rezin na roba a 1935, irin wanda ake amfani da shi yau kuma ya fito a shekarun 1940.

Daga wannan bayani mai karatu zai gane abubuwa da kansa. Ruwan da ya fito ba a rage masa narkakkun sinadarai ba, an canza musu iri ne. Shi ya sa ɗan alƙalamin nan mai batir da masu talla ke tsomawa a kofi yana nuna lamba ba ya da amfani a nan: jimillar gishiri yake aunawa, kuma lambar ba za ta sauka ba bayan adusisar. Akwai ma masu yawo da wata na'ura mai sandunan ƙarfe, su tsoma a ruwanka su kunna, ruwan ya koma ja da baƙi, su ce ga dattin da kake sha. Na taɓa ganin an yi wa wani abokin aikina wannan wasa a biro, har ya kai hannu aljihu. Dattin daga sandar ƙarfen yake narkewa, kuma ruwan kwalba mai tsada ma haka zai yi.

Sai maganar sodiyom. Kowane digiri ɗaya da aka cire yana ƙara miligaram 4,6 na sodiyom a lita. Idan aka sauke ruwa daga digiri 35 zuwa 10, an ƙara miligaram 115 ke nan. Ga mai lafiya wannan ba wani abin tsoro ba ne, gishirin da ke cikin miyar rana ɗaya ya ninka shi nesa. Amma mu a zafin watan Afrilu mutum yana shan lita huɗu ko biyar, kuma gidaje nawa ne yau babu mai hawan jini a ciki? Wanda likita ya hana wa gishiri, da mai ciwon ƙoda, da jaririn da ake dama wa madarar gwangwani, bai kamata su dogara ga wannan ruwa ba. Maganin abin mai sauƙi ne, amma sai an gaya wa mai haɗa tiyo tun kafin ya fara aiki: a bar famfo ɗaya a madafa wanda ruwansa bai bi ta na'urar ba, don sha da girki. Haka famfon tsakar gida na ban ruwan shuka da shayar da dabbobi. Ba a ɓata gishiri a kansu, kuma itatuwa ba su son sodiyom.

To mu ɗauka Alhaji ya yi awo, takarda ta ce TH 35, sauran abubuwa lafiya lau. Wacce zai ɗauka cikin ukun? Ga lissafin, kuma ɗan kasuwa ba ya tsoron lissafi. Mu ce kowane mutum a gidan yana kashe lita 60 a rana wajen wanka da wanki da wanke-wanke. Wannan misali ne, kowa ya duba nasa ta yawan cika tankinsa. Mutum shida, lita 360 ke nan, wato tano biyu saura kaɗan. Ba a so a sauke taurin har sifiri, don ruwan da ya yi laushi ƙwarai yana sa jiki santsi kamar sabulu bai fita ba, kuma ba ya barin ɗan rufin da ke kare tiyon ƙarfe. A bar digiri 10. Abin cirewa 25 ke nan. A ninka 25 da 0,36 na metir kib, a sami 9 a kowace rana. Litar rezin ɗaya kuwa tana ɗaukar kimanin 5 kafin ta cika. Na'ura mai lita 10 za ta ɗauki 50, wato za ta yi kwana biyar zuwa shida kafin ta nemi wanki. Wannan shi ne daidai. Gidan Alhaji na'ura mai rezin lita 10 zuwa 12 yake bukata, ƙaramar nan da mai kanti ya nuna masa da gefen hannu.

Na san halinmu, babba muke so, don a ce Alhaji ya sayi babba. A nan girman kai asara ne. Na'ura mai lita 30 a gidan mutum shida za ta yi sati biyu ko fiye ba ta wanke kanta ba, ruwa yana kwance cikin rezin a zafin ƙasarmu, ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama. Ƙa'ida ita ce kada wanki ya wuce sati ɗaya zuwa kwana goma. Wadda ta yi ƙanƙanta kuma kullum tana cikin wanki, tana cin gishiri da ruwa. Kuma kada a ruɗu da babbar lambar da aka buga a kwali. Wannan ƙoƙarinta ne na ƙarshe idan an cika mata gishiri fiye da kima. Tambaya ɗaya za a yi wa mai kanti: rezin lita nawa ne a ciki?

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kowane wanki na na'ura mai lita 10 yana cin gishiri kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da ruwa lita 50 zuwa 100 da ke tafiya magudana. A wata, gishiri kilo bakwai ko takwas. Buhu mai kilo 25 zai yi wata uku. Ga mai foraj wannan ruwa ba komai ba ne. Ga mutumin Damagaram da ke tashi tsakar dare yana tarbar famfo, ko yake sayen bido-bido a lokacin zafi, zubar da rabin tano kowane kwana biyar abu ne da sai an yi tunani. Kuma ruwan wankin nan gishiri ne zalla: kada a sake shi gindin mangwaro ko darbejiya, kada a bar shi ya kwanta jikin katangar ƙasa, kada ya gangara kusa da bakin rijiya.

Gishirin ma ba kowanne ba. Wani zai ce, ga kantun Bilma, ga na Foga, me zai sa in sayi na kanti? Gishirin ƙasarmu yana da albarka ga miya da dabbobi, amma yana tafe da ƙasa da kanwa da wasu sinadarai, waɗanda za su taru a gindin bokiti su toshe ɗan siririn bututun da ke jan ruwan gishiri. Na'urar tana son tataccen gishiri, wanda ake matsawa kamar ƙwayar magani babba. In ya yanke, gishirin teku mai manyan ƙwayoyi, fari, mai tsabta, zai iya riƙe ta na ɗan lokaci, muddin ana wanke bokitin. Garin gishiri na miya yana daskarewa ya zama dutse. Saboda haka kafin a biya kuɗin na'ura a tambaya: a ina zan riƙa samun gishirinta a Tawa ko Maraɗi, kuma nawa ne buhu? Na'urar da ba gishiri tulu ce kawai da ruwa ke ratsawa.

Akwai wani abin da masu kanti ba su faɗa, kuma shi ne ya fi kashe waɗannan na'urori a gidajenmu: ƙarfin turin ruwa. An ƙera su ne don ƙasashen da famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana. Yawancinsu suna bukatar bar ɗaya da rabi zuwa biyu kafin su iya wanke kansu da jan ruwan gishiri. Bar ɗaya kuwa daidai yake da tsawon mita 10 na ruwa. Tankin Alhaji da ke bisa soro, mita huɗu ko biyar daga ƙasa, rabin bar ma da ƙyar yake bayarwa. Idan aka haɗa na'urar a ƙarƙashinsa haka kawai, ruwa zai riƙa wucewa, kwana biyar na farko uwargida za ta yi murna, daga nan rezin ya cika, wanki ya gagara, a koma gidan jiya. Mafita biyu ce: ko a sa ƙaramin injin ƙara turi bayan tanki, ko a sa na'urar tsakanin injin foraj da tanki, a kuma tabbata injin yana aiki a lokacin wanki. Kowacce da kuɗinta, a sa shi cikin lissafi tun farko. Idan ruwa ya yanke tana tsakiyar wanki, da safe ruwan gishiri ne zai fito a famfo.

Wuta ma haka. Kan na'ura iri biyu ne. Akwai mai agogo, wanda ke wanki duk bayan kwanakin da aka ɗora masa, ko an yi amfani da ruwa ko gidan kowa ya tafi biki ƙauye. Akwai mai ƙidayar lita, wanda sai adadin ruwan ya wuce yake wanki. Na biyun ya fi tsada kaɗan, amma shi nake ba da shawara, don yana rage gishiri da ruwa. A tambaya ko yana riƙe lissafinsa idan wuta ta ɗauke, a kuma sa masa abin kariya daga hawa da saukar wuta, kamar yadda ake yi wa firji. Akwai waɗanda ba su amfani da wuta sam, turin ruwa ne ke juya su, irin na kamfanin Kinetico. Suna da kyau, amma suna da tsada, kuma mai gyaransu ba a kowane gari yake ba. Ni a ganina na'ura mai sauƙi wadda mai gyaran famfo na unguwa ya taɓa buɗe irinta ta fi mai ƙyalli wadda sai an aika Turai neman ɗan roba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kowanne yana iya kashe na'ura. A sa matatar yashi a gabanta, don foraj ba ya rasa yashi. Idan ruwan yana rina bokiti ja, ko awo ya nuna ƙarfe ya wuce miligaram 0,3 sosai, a fara maganin ƙarfen, in ba haka ba zai lulluɓe rezin ya kashe shi. Jabel mai yawa ma yana cinye shi. A ajiye ta a inuwa, cikin ɗaki mai iska. Yawancinsu ba a yi su don ruwan da ya wuce digiri 40 na zafi ba, tanki baƙi a ranar Mayu kuwa kowa ya san yadda ruwansa yake. A sa mata hanyar ratse, wato famfunan da ke barin ruwa ya kewaye ta ranar da ta lalace. In an kula da ita, rezin yana kai shekara goma ko fiye. Kuma kada direba ya ɗebi ruwanta ya zuba a batirin mota yana cewa tatacce ne.

Game da ƴan na'urorin maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin tiyo, waɗanda ake cewa ba gishiri ba wuta ba wahala, abin da zan ce gajere ne: ba su cire kalsiyom ko ƙwaya ɗaya, a auna TH kafin da bayan za a ga lamba ɗaya, sabulu kuma ba zai ƙara kumfa ba. Wanda matsalarsa fuluwor ce ko nitirat ko gishiri, wata na'ura ce dabam yake bukata, wadda ake kira osmoz, mai tura ruwa ta cikin wata fata mai matsatsin ƙofofi. Ƙarama ce, ana sa ta a madafa don ruwan sha kaɗai, tana zubar da lita biyu zuwa huɗu kafin ta ba da ɗaya. Wannan zance ne na wani mako.

Ga ma'aikacin da ke zaune gidan haya, ba na'urar ɗumama ruwa, ba injin wanki, albashi kuma yana ƙarewa kafin wata, ina ganin adusisar ba tasa ba ce ko da ruwansa ya kai digiri 35. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin dabarar: ɗan ƙullin kanwa da suke jefawa a tukunyar wake, ko ruwan toka a kwanon wanki, aikin da yake yi shi ne kwantar da kalsiyom ɗin nan. Ƙanzon buta, a tafasa ruwa da lemun tsami ko binegar a ciki, a bari ya kwana, da safe ya zube. Kan famfon wanka da ya toshe a jiƙa shi a ciki haka nan. Mai na'urar ɗumama ruwa ya sauke ta zuwa digiri 55 ko 60, domin daga nan zuwa sama ne ƙanzo ke kamawa da sauri. Da damina a tari ruwan indararo a tano mai murfi don wankin fararen kaya da wankin kai.

Alhaji kuwa, da ya riga ya zuba dukiya a foraj da na'urori, in takarda ta nuna 30 ko fiye, saye ya halatta: rezin lita 10 zuwa 12, kai mai ƙidayar lita, injin ƙara turi, matatar yashi, famfo ɗaya na sha a ware. In ta nuna ƙasa da 20, to abin da ke damun uwargida ba farar ƙasa ba ce, sai a duba sauran layukan takardar. Ka aiko mana da kwafinta ta adireshin jarida, mu karanta ta tare a wannan fili.